Uzurin Na'ura Ya Ƙare: Haruffa Masu Ƙugiya a Hirar Rubutu, Daga Tagar Umarni Zuwa Wayoyin Kaélé

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu rubuta Hausa a waya da kwamfuta, wadda ake jefa wa duk wanda ya yi ƙorafi a kan rubutun da ya zo babu ƙugiya, babu rabon kalma: "Ai hira ce kawai, ba jarrabawa ba." Idan mai ƙorafin ya nace, sai a kawo masa ta biyu: "Na'urar ce ba ta da haruffan." Magana ta farko raini ne ga harshe da kuma ga wanda aka rubuta wa saƙon. Ta biyu kuwa ta taɓa zama gaskiya, amma fiye da shekara talatin ke nan da aka toshe ƙofar da take fakewa a bayanta. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, ɗalibin Hausa ba shi da sauran hujjar zubar da ɓ da ɗ da ƙ a hirar da yake yi ta rubutu, kuma ɓarnar zubar da su ta fi tsanani a garuruwan bakin iyakar harshen, irin su Kaélé da ke arewacin Kamaru, inda da yawa daga masu karanta Hausa ba a cikinta aka haife su ba.

Domin a ga lamarin filla-filla, ya kamata a fara da mafi tsiraicin nau'in hira da aka taɓa yi a kwamfuta, wato hira ta tagar umarni.

Hira a tagar umarni

Tagar umarni ita ce allon nan, galibi baƙi, wanda babu hoto a cikinsa kuma babu abin dannawa da linzami. Mutum yakan rubuta umarni, na'ura ta amsa masa da rubutu. A nan ne hirar kai-tsaye tsakanin masu amfani da kwamfuta ta yi rarrafe. Tun 1971 manhajar Unix take ɗauke da umarnin write, wanda ke ba mutum damar aika layin rubutu zuwa allon wani da ke aiki a kan na'ura ɗaya da shi. A 1973 Doug Brown da David Woolley suka ƙirƙiri Talkomatic a tsarin PLATO na Jami'ar Illinois da ke Amurka, inda mutane da dama kan yi hira a lokaci guda. A 1983 umarnin talk ya fito tare da 4.2BSD. Shi wannan yakan raba allo gida biyu, mai magana a sama, abokin hirarsa a ƙasa, kuma kowane harafi yakan bayyana a wajen ɗayan a daidai lokacin da aka buga shi. Idan mutum ya yi kuskure ya goge, abokin hirarsa yana kallo. Idan ya tsaya yana tunani, shirun ma ana ganin sa.

A watan Agustan 1988 Jarkko Oikarinen na Jami'ar Oulu a ƙasar Finland ya samar da IRC, wanda ya faɗaɗa hirar zuwa zauruka da mutane daga ƙasashe daban-daban ke shiga. An wallafa ƙa'idojinsa a 1993, kuma a cikinsu an ƙayyade cewa layi ɗaya ba zai wuce bayit 512 ba. Ma'ana, megabayit guda na data yana iya ɗaukar cikakkun layuka kimanin 2,000. Har yau IRC yana raye: ana shiga shi daga tagar umarni da manhajoji irin su irssi da WeeChat, kuma tun 2021 yawancin masu gina manhajojin kyauta suka koma cibiyar Libera.Chat.

Wannan hanya ba ta taɓa zama ta jama'a ba a ƙasar Hausa ko a Kamaru. Ta masu koyon ilimin kwamfuta ce da masu kula da na'urori. Jama'a WhatsApp da Facebook suka sani. Amma tana da wata daraja ga ɗalibin harshe: ita ce madubin da ke nuna abin da ke faruwa idan aka kwashe komai aka bar harafi shi kaɗai. A hirar baka, karin sauti da tsawon wasali da yanayin fuska duk suna taya kalma aiki. A WhatsApp, idan rubutu ya rikice, sai a bi shi da saƙon murya ko ɗan hoton dariya. A tagar umarni babu mai ceto. Abin da yatsa ya buga shi ne dukkan abin da mai karatu zai samu, kuma zai same shi nan take, ba tare da edita ya tsaya a tsakani ba. Saboda haka duk lahanin da ke cikin rubutu a nan yake fitowa fili.

Lokacin da uzurin yake gaskiya

Adalci ya wajabta a yarda cewa an yi zamanin da na'ura ba ta san haruffan Hausa ba. Tsarin ASCII, wanda ya fara fitowa a 1963 a Amurka, gurabe 128 kawai yake da su, kuma an tsara shi ne domin buƙatun Ingilishi. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, hatta é ta Faransanci ba ta sami masauki ba. A kan wannan harsashi aka gina write da talk da IRC na farko. Bahaushen da ya zauna a gaban irin wannan allo ba shi da zaɓi.

Abin lura shi ne yadda masu kishi suka yi a lokacin. Wasu sun riƙa sa waƙafin sama kusa da harafi, su rubuta k'asa da d'aki da b'era. Wasu sun riƙa ɗaga harafin ya zama babba a tsakiyar kalma. Dabarun ba su da kyan gani, amma suna nuna cewa marubucin ya san akwai bambanci, kuma bai yarda ya bar mai karatu cikin duhu ba. Haka magabata suka yi a gabansu. Malaman ajami, da alƙalamin kara da tawadar zuge, sun ɗauko ط suka ba wa ɗ, suka ɗauko ق suka ba wa ƙ, alhali Larabci bai tanadar wa Hausa komai ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya yi amfani da ɗigo a ƙarƙashin harafi a ƙa'idojin rubutun da ya fitar a 1912. A shekarun 1930 aka koma ga ƙugiya, kuma da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta raini masu karatu. A kowane zamani kayan aiki sun yi ƙaranci, kuma a kowane zamani an nemi hanya.

Sai dai ƙarancin ya kau. A 1991 tsarin Unicode ya fito da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. A 1992 Ken Thompson, wanda yana cikin waɗanda suka gina Unix tun farko, tare da Rob Pike, suka tsara UTF-8, hanyar da ke ba waɗannan lambobi damar bi ta tsofaffin hanyoyin da aka gina wa ASCII. Yau ɓ tana da lamba U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. Kowace daga cikinsu bayit biyu take ci maimakon ɗaya. Wannan shi ne dukkan farashin: bayit guda a kan kowace ƙugiya.

Wuri ɗaya ne ya rage inda tsohon uzurin yake da ɗan ƙarfi, shi ne saƙon tes na waya. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 muddin dukkansu suna cikin jerin GSM. Da zarar ƙ guda ta shiga, sai wayar ta sauya tsari, iyakar ta faɗo zuwa 70, saƙon da ya kamata ya tafi a ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Wanda ya saba da zubar da ƙugiya a zamanin tes yana da dalilin aljihu. To amma WhatsApp, wanda ya bayyana a 2009, ba ya ƙirga haruffa ta wannan hanya, haka nan Facebook, haka nan IRC. Dalilin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ga masu rubuta Hausa nan suna ta taka tsohuwar rawa bayan makaɗin ya daɗe da tashi.

Me ya sa Kaélé?

Kaélé shi ne babban garin gundumar Mayo-Kani a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kudu da Marwa, kusa da iyakar Cadi. Garin Mundang ne, 'yan'uwan Mundang na Léré da ke tsallaken iyaka, kuma a gundumar akwai Tupuri da Giziga da Fulani. Harshen kasuwa a ɗaukacin yankin, daga Marwa zuwa Garwa har Ngaundere, Fulatanci ne. Harshen makaranta da ofis Faransanci ne. Hausa baƙuwa ce mai daɗewa: fatake da malamai ne suka kawo ta tun ƙarni na 19, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin tutar Adamawa, kuma har yau tana da unguwanninta a manyan garuruwan arewa, tana tafe da cinikin da ke tsakanin yankin da Mubi da Yola, da finafinan Kano, da shirye-shiryen gidajen rediyon ƙetare. A Kaélé kuma akwai makarantar ilimin ma'adinai da man fetur ta Jami'ar Marwa, jami'ar da aka kafa a 2008, wadda ke tara matasa daga sassa daban-daban na ƙasar.

A irin wannan wuri, wanda zai karanta saƙon Hausa sau da yawa mai koyo ne: ɗan Mundang da ya tsinci harshen a wajen abokin ciniki, ko Bafulatanin Garwa da ke jin sa daga fim, ko jikan Bahaushe da aka haifa a Kamaru wanda bai taɓa zama a ajin Hausa ba. Littafin Hausa ba abu ne da ke yawo a hannun yaran garin ba. Mafi yawan Hausar da za su gani a rubuce, a allon waya za su gan ta. Ke nan hirar da ake rainawa ita ce makarantarsu, kuma duk wanda ya aika musu da saƙo ya zama malaminsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani abin mamaki shi ne, ƙugiya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Taron masana da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya amince wa Fulatanci da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Tsarin haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, wanda aka amince da shi a 1979 ƙarƙashin jagorancin Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo, yana ɗauke da ɓ da ɗ, kuma da su ake rubuta Mundang. Wato mai koyon Hausa a Kaélé yana da waɗannan sautuka a bakinsa tun daga gida. Abin da yake buƙata kawai a nuna masa inda suke a kalmar Hausa. Sautin da Fulatanci ba shi da shi shi ne ƙ, kuma shi ne wanda baƙin harshe suka fi saurin haɗewa da k. Idan rubutun da suke gani kullum bai raba ƙ da k ba, wa zai gaya musu cewa akwai abin rabawa?

Ga kuma wata matsala ta ƙasashen Faransanci. Wanda ya koyi riƙe alƙalami da Faransanci yakan rubuta Hausa da kunnen Faransanci: tchiki a madadin ciki, koudi a madadin kuɗi, djiya a madadin jiya. Idan ya shiga hira da ɗan Kano wanda shi kuma yake rubuta xan xo a madadin zan zo, sai a sami mutum biyu masu harshe ɗaya kowa yana fama da rubutun ɗan'uwansa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 an yi su ne domin Hausar Najeriya da ta Nijar su hau layi ɗaya a rubuce. Daidaitacciyar ƙa'ida ita ce maɗaurin tsintsiyar, kuma an fi buƙatar ta a inda iyakoki suka tsaga al'umma.

Hujja ta farko: "Ai za a gane"

Masu zubar da ƙugiya sukan ce muhallin magana zai nuna abin da ake nufi. Sau da yawa haka ne, idan mai karatun Bakano ne ko Bazazzagi da ya tashi cikin harshen. Amma a ɗauki misalin ɗan kasuwar Garwa da ya aiki yaronsa ya kai wa wata mata kuɗi a Kaélé, sai wani ya turo masa da saƙo: "ya bata kudin". Wannan jimla tana iya zama "ya ba ta kuɗin", wato amana ta isa. Tana kuma iya zama "ya ɓata kuɗin", wato amana ta salwanta. Tsakanin yabo da zargin cin amana babu komai sai ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya, kuma muhallin maganar ya dace da duka biyun. Ko direban da aka rubuta wa "akwai kaya a hanya": ya jira kaya ne, ko ya kiyayi ƙaya? "Kura ta tashi" labarin daji ne, "ƙura ta tashi" labarin rikici. "Sarki ya hana fada" da "Sarki ya hana faɗa" umarni biyu ne mabambanta. Jerin yana da tsawo: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kara da ƙara, bari da ɓari, da da ɗa. Waɗannan ba kalmomin ƙamus ba ne da sai an tona. Su ne kalmomin yau da kullum.

Ko a inda aka gane ɗin, tambaya ita ce wa ya yi wahalar ganewar. Marubuci ya huta da daƙiƙa guda, ya ɗora wa mai karatu aikin canki-canka. Idan a zauren hira ne mai mutum hamsin, mutum ɗaya ya huta, hamsin sun wahala, kuma wanda ya fi wahala shi ne wanda ya fi rauni a harshen. Wannan rashin adalci ne, ko da ƙarami ne, kuma ana maimaita shi a kowane layi.

Hujja ta biyu: "Ai karin sauti ma ba a rubuta shi"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma daga bakin masu ilimi take fitowa. Gaskiya ne rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar baƙi tana iya zama launi, tana iya zama jam'in baƙo, tana iya zama harafi. Kalmar gari tana iya zama birni, tana iya zama abin tuwo. Masu karatu suna jurewa. To me zai hana su jure rashin ƙugiya?

Amsar tana cikin tambayar. Sautin Hausa yana rarrabe ma'ana da baƙaƙe da wasula da tsawo da kari. Rubutun boko ya riga ya ajiye biyu daga ciki, ya bar wa mai karatu ya cike gurbin da saninsa. Wanda aka riga aka ɗora wa kaya biyu, ba a cewa tunda ya iya ɗauka bari a ƙara masa na uku. A duba abin da ke faruwa da baki idan aka cire ƙugiya: ma'anoni ukun baƙi sun haɗu da bakin da ake cin abinci da shi da bakin kogi. Kowane ginshiƙi da aka zare yana ninka ruɗun da ya tarar. Rumfar da ta rasa dirka biyu tana tsaye ne saboda waɗanda suka rage.

Hujja ta uku: "Hira tana son sauri"

Hirar kai-tsaye tana da sauri, kuma ba laifi ba ne a taƙaita. Masu IRC sun cika hirarsu da gajerce-gajerce tun daga farko, kuma Hausawa sun daɗe suna taƙaita salati da haruffa uku. Wanda ya rubuta slm ko lfy ko ngd ga abokinsa bai yi wa harshe illa ba, domin kowa ya san gajartawa ce, babu mai ɗauka cewa haka ake rubuta kalmar. Amma xan xo bai fi zan zo gajarta ba ko da harafi ɗaya. An ɗauko x, wadda babu ita a abacadar Hausa, an ba ta kujera, an kori ƙ wadda ta gida ce. Wannan ba sauri ba ne, kwalliya ce. Haka haɗe kalmomi: akan da a kan ba ɗaya ba ne, masu da ma su ba ɗaya ba ne, bata da ba ta kuwa an riga an ga abin da suke iya jawowa.

Sannan a dubi sunan garin kansa. Kaélé yana ɗauke da alama biyu a kan e, kuma ɗalibin garin yana buga su ba tare da gunaguni ba. Ya san bambancin a da à, ya san na ou da où, domin malamin shifta ya sha rage masa maki a kansu tun yana firamare. Allon bugun AZERTY ya ware wa é da è da ç maɓallansu. Ɗalibin da yatsunsa suka koyi ladabi ga Faransanci ba zai ce yatsun sun gaza ga Hausa ba. Gaskiya ne Faransawa ma sukan zubar da alamominsu a hira. Amma Faransanci yana da hukumar da ke tsaron sa tun 1635, yana da makarantu a birane da ƙauyukan Kamaru, yana da littattafan da ba su ƙirguwa. Idan hira ta karkatar da yaro, aji zai miƙar da shi. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan ƙasa da bunƙasa su, amma harsunan hukuma biyu ne, Faransanci da Ingilishi. Idan hira ta karkatar da mai koyon Hausa a Kaélé, babu ajin da ke jiran sa ya gyara masa.

Tagar umarni ma tana da darasi a kan wannan. Wanda ya buga umarni ya saki harafi ɗaya, na'ura ba ta yi masa uzuri. Takan ce ba ta san umarnin ba. Unix yana bambanta babban harafi da ƙarami, kuma babu ɗalibin kwamfuta da ya taɓa kai ƙarar wannan. Kowa yakan koyi buga abin daidai saboda na'ura ba ta lamunta. Abin kunya ne a ce mutum yana kiyaye haƙƙin na'ura a kan harafi, amma ya tauye na ɗan'adam saboda shi ɗan'adam yana da haƙuri.

Hira ba ta gushewa

Akwai wani zato cewa hira iska ce, ana yi tana wucewa. A kwamfuta ba haka ba ne. Manhajojin IRC suna iya adana duk abin da aka faɗa a fayil, kuma wanda ya nemi kalma a ciki da umarnin grep zai tarar cewa neman ƙasa ba ya kawo kasa, domin a wajen na'ura kalmomi biyu ne da ba su da alaƙa. Rubutun da aka yi da sakaci yakan ɓace wa mai nemansa ko da yana nan. Bugu da ƙari, manhajojin fassara da masu gyaran rubutu daga abin da mutane suka rubuta suke koyo. Tun 2013 Google Translate yake fassara Hausa. Irin Hausar da aka zuba a intanet, irinta na'urori za su mayar wa jama'a, kuma mai koyo zai karɓa da zaton ita ce daidai.

Kada kuma a fahimci wannan a matsayin goyon baya ga masu cewa waya ta kashe Hausa, a raba yara da hira. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko haɗari. Hannuwan da ke rubuta Hausa a yau sun fi na kowane zamani yawa, kuma hira ce ta jawo hakan. Matar da ba ta taɓa rubuta wasiƙa ba, yau tana rubuta wa 'yarta kullum. Harshen da aka hana shi shiga hira, wani harshen ne zai shiga a madadinsa, kuma a arewacin Kamaru Faransanci yana bakin ƙofa yana jira. Maganin shi ne masu sanin ƙa'ida su shiga hirar da ƙa'idarsu.

Abin da ya kamata ɗalibi ya yi

Aikin ba shi da yawa. A waya, allon bugun Gboard yana da Hausa. Idan aka ƙara ta a jerin harsuna, haruffan masu ƙugiya za su samu. A Linux, umarnin locale zai nuna ko tsarin yana kan UTF-8, kuma akwai saitin ha_NG domin Hausa. Umarnin setxkbmap -layout ng -variant hausa yana kawo allon bugun Hausa, setxkbmap -layout cm -variant azerty kuma yana kawo na harsunan Kamaru ga wanda ya saba da jerin Faransanci. A tagogi da yawa, danna Ctrl da Shift da U tare, sannan a buga 0199, yana fitar da ƙ. Mai amfani da irssi zai iya rubuta /set term_charset utf-8 idan haruffa suka fito a rikice. Idan ɗan akwati ne ya bayyana a gurbin harafi, matsalar ta zubin haruffa ce, kuma Noto Sans Mono yana warware ta. Idan kuwa aka tarar da tsohuwar na'urar da ta ƙi duk wannan, ko ana tsoron tsadar tes, sai a koma ga dabarar magabata a rubuta k'asa da d'aki. Ba a fafe gora ranar tafiya: saitin na minti kaɗan ne, a yi shi sau ɗaya kafin hira ta kankama.

Abin da ya rage bayan wannan ɗabi'a ce. Ba sai ɗalibi ya zama ɗan sandan zaure yana kama kowa da laifi ba. Gyara a bainar jama'a yakan haifar da gaba fiye da ilimi. Ya wadatar ya rubuta nasa daidai a kowane layi, ko da sauran ba su yi ba. Ido yana koyo daga abin da ya saba gani, kuma wanda ya ga kuɗi sau ɗari da ƙugiyarsa, ran da ya ga koudi zai ji wani abu ya tsaya masa.

Kammalawa

Malamin ajami ya nemo wa ɗ harafi daga Larabci. Ma'aikatan ɗab'i sun samo wa ƙ ƙarfen bugawa tun kafin a ƙera kwamfuta. Injiniyoyin da ba su jin kalmar Hausa ko ɗaya sun ware wa haruffanta lambobi, suka buɗe musu hanya har cikin baƙin allon da aka gina domin Ingilishi kaɗai. Duk waɗannan sun sauke nasu nauyin. Wanda ya rage shi ne ɗalibin da ya karanta ƙa'idojin rubutu, ya ci jarrabawa a kansu, sannan ya ajiye su a bakin ƙofar aji. Idan shi bai rubuta ƙasa da ƙugiyarta ba a saƙon da zai tura Garwa ko Kaélé, yaron da ke can yana koyon harshen daga allon waya zai tashi yana cewa kasa, kuma ba za a ce laifinsa ba ne.